Dalilin da ya sa dogon kaktus yake tsukewa a falo, da yadda ake rainonsa a gida

Tambayar ta fito ne daga wata baiwar Allah a Kano. Ta ce watanni bakwai da suka wuce ta sayi kaktus irin mai miƙewa sama kamar ginshiƙi a wurin masu sayar da fulawa na bakin titi, tsayinsa kamar kamu ɗaya, ta ajiye shi a falo kusa da talabijin, tana zuba masa rabin kofin ruwa duk bayan kwana biyu ko uku. Yanzu kansa ya tsuke ya zama siriri, launinsa ya koɗe, ya karkata wajen taga, gindinsa kuma ya fara yin launin ruwan ƙasa. Tana son ta san ko ciwo ne ya kama shi ko taki yake so, da kuma yadda ya kamata a kula da shi.

Malama, tsukewar da kika gani ba ciwo ba ce, kuma taki ba zai gyara ta ba, sai ma ya ƙara ɓata lamarin. Shukarki yunwar haske take ji. Idan kaktus ya rasa rana sai ya daina yin kauri, ya zuba ɗan ƙarfin da ya rage masa wajen miƙewa yana neman inda haske yake, shi ya sa sabon toho yake fitowa siriri, fari-fari, da ƙayoyi ƙanana marasa ƙarfi, yana kuma sunkuyawa wajen taga. Abin da nake so ki riƙe tun daga farko shi ne, wannan shuka tana iya zama a gida amma ba ta iya zama a ƙuryar ɗaki, kuma ruwa da ƙasa da taki duk ana auna su ne da yawan ranar da take samu.

Kafin mu shiga maganar haske, ya kamata ki tabbatar abin da kika saya kaktus ne na gaskiya, domin kama da wane ba ta wane. A wuraren sayar da fulawa na ƙasar nan ana yawan sayar da wata shuka mai suna Euphorbia trigona da sunan kaktus, alhali 'yar'uwar tinya ce da ƙerana, irin waɗanda muka sani a dajinmu, da kuma irin shingen da ake gani a ƙauyukan da ke kewaye da Jos. Gane bambancin ba shi da wuya. Kaktus yana da wasu 'yan tabo masu laushi kamar ɗigon auduga jere a kan layukan jikinsa, daga cikinsu ne ƙayoyi suke fitowa a tare, daga nan ne kuma reshe da fure suke tsirowa. Dangin tinya ba su da wannan tabo. Ƙayarsu takan fito biyu-biyu kamar ƙahon sa, wasunsu suna da 'yan ganye, kuma idan aka soke su da allura farin ruwa mai kama da madara ne yake fitowa. Wannan ruwan yana ƙona fata, idan ya shiga ido kuwa yana iya yin mummunar illa, saboda haka in shi ne a gidanki, kada ki yanka shi da hannu tsirara, kada kuma ki bar shi inda yara za su kai gare shi. Ruwan jikin dogayen kaktus garai-garai yake, ba shi da launi.

Asalin kaktus nahiyar Amurka ce, daga Kanada har kudancin Ajantina, in ban da wani nau'i guda mai rataya a jikin itatuwa, Rhipsalis baccifera, wanda ake samu har a dazuzzukan Afirka da Madagaska da Siri Lanka. Dogayen da suka fi yawa a hannun masu sayarwa 'yan zuriyar Cereus ne, kuma sunan daga kalmar Latin ta kyandir aka samo shi, saboda yadda suke tsayawa kyam. A cikinsu akwai Cereus jamacaru, wanda mutanen arewa maso gabashin Brazil suke kira mandakaru. Yankinsa, da ake kira Kaatinga, yana da gajeriyar damina da dogon rani kamar namu, har ma makiyaya a can sukan babbake ƙayarsa su ba shanu a shekarun fari. Akwai kuma Cereus repandus na gaɓar Benezuwela da Kolambiya da tsibiran da ke kusa da su, wanda aka daɗe ana sayarwa da sunan Cereus peruvianus ko da yake ba daga Peru ya fito ba. Waɗannan su ne suka fi dacewa da zafinmu. Wanda ake kira San Pedro daga tsaunukan Andis yake, a tudun da ya kai mita 2,000 zuwa 3,000, don haka ya fi jin daɗin sanyin dare irin na Jos ko Mambila a kan bazarar Kano ko Sakkwato. Shi kuwa saguwaro na hamadar Sonora, mai hannuwa biyu a sama da ake gani a hotunan Arizona, ba na ba kowa shawarar jiran girmansa, domin a shekaru takwas na farkon rayuwarsa da ƙyar yake kai santimita 4, kuma yakan yi shekara 50 ko fiye kafin ya fitar da reshe na farko. Bisa ga bayaninki da saurin da ya yi wajen tsukewa, na fi zaton naki Cereus ne.

Yanzu sai maganar haske, wadda ita ce uwar al'amarin. Idon ɗan Adam yana yaudararsa, domin yakan saba da duhun ɗaki har ya ga kamar akwai haske sosai. Idan aka auna da na'ura, tsakar rana a fili tana kai wa laks (ma'aunin ƙarfin haske) 100,000, a yayin da tsakiyar falon da muke gani fes yawanci ba ya wuce laks ɗari biyu zuwa ɗari biyar. Wato shukar da aka halitta domin ta tsaya a cikin rana kin ba ta abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na abincinta ba. Ko a bakin taga ma, labule da ragar sauro da ƙarfen taga da gilashi mai duhu kowannensu yana cin rabonsa, kuma da zarar an ja tukunya baya da mita ɗaya ko biyu, mafi yawan hasken ya tafi.

Akwai wani abu game da tagoginmu da rubuce-rubucen Turai da Amurka ba su lura da shi ba. Sukan ce a ajiye kaktus a tagar kudu, kuma gaskiyarsu ne a can, domin rana tana bi ta kudu a ƙasa-ƙasa duk shekara, tana shiga ɗaki sosai. Kano tana kan digiri 12 ne kawai arewa da layin tsakiyar duniya, saboda haka rana a nan bisa kai take bi. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta ma ta ɗan arewa take ratsawa da tsakar rana, tagar kudu ba ta samun komai, sai a watannin sanyi ne take karkata kudu har ta leƙa cikin ɗaki. Ga shi kuma yawancin gidajenmu an yi musu rufi mai fitowa waje domin a tare rana da ruwan sama. Abin da ya rage mana shi ne tagar gabas da ta yamma. Ta gabas ta fi, domin hantsi yana da ƙarfi amma ba ya dafa shuka. Ta yamma tana bayar da haske mai yawa, sai dai a bazara gilashin yakan yi zafin da zai iya ƙona jikin da ya jingina da shi. A ganina ma, duk wanda yake da tsakar gida ko baranda ko saman bene bai kamata ya wahalar da kansa da taga ba. Ki nemi wurin da rana take sauka kai tsaye na awa huɗu zuwa shida daga safe, inuwar bango ko ta bishiya kuma ta rufe shi bayan azahar. Ana sayar da fitilu na musamman da suke maye gurbin rana, waɗanda ake kunnawa awa 12 zuwa 14 kullum, amma wannan dabara ce ta mutanen da rana ta yi wa rowa, ba ta waɗanda take kwana a ƙofar ɗakinsu ba.

Sai dai kada ki ɗauke shi daga falo yau ki dasa shi a tsakiyar rana gobe. Fatar da ta yi wata bakwai a inuwa ba ta da kariya, kuma wuni ɗaya ya isa ya bar mata farin tabo ko na ruwan ƙasa wanda ba zai taɓa gogewa ba. Ki fara da inuwa mai haske a waje na mako guda, inda yake ganin sararin sama amma rana ba ta taɓa shi. Mako na biyu ki bar shi ya sha hantsi na awa ɗaya ko biyu. Daga nan ki riƙa ƙarawa a hankali har ya kai mako uku ko huɗu. Ko a dajin Sonora, ƙananan saguwaro a ƙarƙashin inuwar wata bishiya suke tashi kafin su iya fuskantar rana su kaɗai. Idan ya zauna a mazauninsa, ki yi alama a jikin tukunyar domin ki san gefen da yake kallon rana, saboda in kika juya shi farat ɗaya a lokacin zafi, gefen da ya saba da inuwa zai ƙone. Wanda yake bakin taga ne ake juyawa kaɗan-kaɗan duk mako domin kada ya karkata. Idan kuma ado kike so a falo, babu laifi ki shigo da shi kwana uku ko huɗu lokacin Sallah ko wani taro, sa'an nan ki mayar da shi waje.

Game da ruwa, rabin kofi duk bayan kwana biyu shi ne mafi munin tsari da za a yi wa wannan shuka, domin saman ƙasa da wuyan gindi ba sa bushewa, saiwoyin da ke can ƙasa kuma ba sa samun komai. Ki dubi yadda jikinsa yake. Layukan nan da suka tashi daga gindi zuwa kai suna buɗewa suna tsukewa kamar zuga-zugin maƙeri: in an yi ruwa mai yawa sai ya sha ya kumbura, in rani ya yi tsawo sai ya riƙa cin ajiyarsa yana lotsawa. Saiwoyinsa kuma ba sa nitsewa sosai, a kusa da saman ƙasa suke bazuwa domin su kwashi ruwan sama da sauri kafin ya ƙafe. Bugu da ƙari, ƙananan ƙofofin numfashin da ke fatarsa a rufe suke wuni, sai da dare suke buɗewa su shaƙi iskar kabon su adana ta, da rana kuma ya sarrafa ta ya zama abinci ba tare da ya yi asarar ruwa ba. Shukar da aka gina ta haka, ƙoshi ɗaya da doguwar ƙishirwa take so. Saboda haka idan za ki ba shi ruwa, ki zuba sosai har ya riƙa fita ta hujin ƙasan tukunya, ki zubar da wanda ya taru a faranti, sa'an nan kada ki sake ba shi sai ƙasar ta bushe ƙayau har ƙasa. Hanyar ganewa ita ce ki soka tsinken tsire mai tsabta har gindin tukunya, ki bar shi minti biyu, ki zaro; in ya fito da danshi ko ƙasa ta manne masa, ki ƙara jira. In ya fito a bushe ma, ƙarin kwana biyu ba zai cutar da shi ba.

Ba zan ba ki lissafin kwanaki a matsayin doka ba, domin girman tukunya da irin ƙasa da yawan iska duk suna canza shi, amma ga yadda nake yi wa nawa da ke cikin tukwanen yumɓu a baranda. Daga farkon damina zuwa kaka ne suka fi girma, don haka nakan ba su ruwa duk lokacin da tsinke ya fito a bushe, abin da yakan faɗo kamar mako guda zuwa kwana goma. Cikin watan Agusta, lokacin marka, nakan ja su ƙarƙashin rufi in kuma rage ba su ruwa ƙwarai, saboda hadari ya rufe rana, iska ta jiƙe, ƙasa ba ta bushewa, kuma a wannan watan ne na fi ganin kaktus yana ruɓewa a gidajen mutane. Ki kula musamman kada ya zauna a ƙarƙashin indararo ko bakin kwano inda ruwa yake zubowa. Da hunturu, lokacin da sanyin dare yake sauka ƙasa da digiri 15, girmansa yakan ragu, sai in bar shi mako uku ko huɗu tsakanin ruwa da ruwa. A nan ma shawarar Turawa ta cewa a hana ruwa ɗungurungum na tsawon watannin sanyi ba ta dace da mu ba, domin sanyinsu da duhu da danshi yake zuwa, namu kuwa da rana da busasshiyar iska mai tsotse tukunya. Bazara ita ce mai ruɗi. Mutum yakan ga zafi ya haura digiri 40 ya ɗauka ƙarin ruwa ake bukata, alhali idan dare ma bai yi sanyi ba shukar takan dakatar da aikinta, saiwoyin da ba sa sha kuma in suka zauna a cikin ƙasa mai zafi da laima sai su dahu. A wannan lokaci inuwar yamma ta fi masa amfani a kan ƙarin ruwa, kuma in za ki ba shi, ki bari sai bayan magariba ko da asuba, lokacin da tukunya ta huce.

Ruwan sama da aka tara ya fi kowane ruwa kyau. Ruwan wasu rijiyoyin burtsatse yana da gishiri-gishiri, za ki ga farin ɓawo yana taruwa a bakin tukunya. In haka ne, ki riƙa zuba ruwa mai yawa lokaci-lokaci domin ya wanke ƙasar ya fice.

Duk wannan tsari ba zai yi aiki ba idan ƙasar da ke cikin tukunya ba ta sakin ruwa, kuma ina kyautata zaton shukarki har yanzu tana cikin ƙasar da aka sayo ta da ita. Masu rainon fulawa sukan cika leda da baƙar ƙasa da taki, domin a cikin rana suke aiki suna kuma son shuka ta yi saurin girma a sayar, amma wannan haɗin idan ya shiga gida yakan riƙe ruwa kamar soso, in ya bushe kuma ya ƙanƙare kamar tubali. Haɗin da nake amfani da shi kashi biyu ne na abu mai tsakuwa-tsakuwa da kashi ɗaya na ƙasa mai ɗan taki da ya ruɓe sarai. Abin mai tsakuwa yana iya zama ƙananan tsakuwar kogi, ko marmara da aka tankaɗe, ko jan bulo da aka farfasa, girman ƙwayarsa daga na dawa zuwa na wake, a haɗa da ɗan gawayi da aka daddaka. A tankaɗe a zubar da garin, a wanke sauran. Kuskuren da aka fi yi shi ne zuba lallausan rairayi da tunanin cewa kaktus ɗan hamada ne. Rairayi mai laushi yana toshe 'yan kafofin da iska take bi, in kuma ya haɗu da laka sai ya zama kamar siminti. Ɗanyen kashin awaki ko na kaji shi ma a guje shi, domin yana ƙona saiwa yana kuma jawo gara. Gwajin haɗin mai sauƙi ne: ki jiƙa shi ki dunƙula a tafin hannu, in kika buɗe ya warware to ya yi, in ya tsaya curi guda to ki ƙara tsakuwa.

Tukunyar yumɓu irin ta maginanmu, wadda ba a shafa mata fenti ba, ta fi ta roba, domin jikinta yana fitar da danshi kamar yadda randa take yi, tana da nauyin da zai hana doguwar shuka kifewa idan iskar farkon damina ta taso, ba ta kuma ɗaukar zafi kamar baƙar roba. Dole ne ta kasance da huji a ƙasa. Kada ta yi girma da yawa. Tazarar yatsa biyu ko uku tsakanin jikin shukar da bakin tukunya ta isa, saboda ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba ruwa kawai take ajiyewa. Shimfiɗa tsakuwa a gindin tukunya ba ya maye gurbin huji, ba ya kuma gyara ƙasa marar kyau, iyakar amfaninsa shi ne ƙara nauyi. Wajen dashe, ki naɗe jikinsa da kwali ko tsohon buhu da aka ninka, in dogo ne ku yi ku biyu, ki kakkaɓe tsohuwar ƙasa, ki yanke saiwoyin da suka yi baƙi ko suka yi laushi, ki bar shi ya sha iska a inuwa kwana biyu ko uku, sa'an nan ki dasa a busasshiyar ƙasa daidai zurfin da yake a da. Kada ki ba shi ruwa sai bayan mako guda, domin raunukan saiwa su warke tukuna. Ana maimaita wannan duk shekara biyu ko uku, kuma farkon damina ya fi dacewa.

Taki kaɗan yake so. Rubu'in ƙaramin cokali na NPK 15-15-15 da aka narkar a lita huɗu na ruwa, sau biyu ko uku a tsawon damina, ya wadatar. Yuriya kuwa kada ta kusance shi, domin tana sa shi ya kumbura da ruwa, fatarsa ta yi taushi ta tsage.

Mu koma kan gindin da kika ce ya yi ruwan ƙasa, domin a nan ne za a san ko akwai gaggawa. Ki danna wurin da bayan cokali. Idan da tauri kamar ɓawon itace kuma a bushe yake, wannan tsufa ne kawai, haka dogayen kaktus suke yi daga ƙasa domin su iya ɗaukar nauyinsu, babu abin da za a yi masa. Idan kuwa ya lotsa, ko yana tsattsafo da ruwa, ko yana wari, to ruɓa ce, kuma daga saiwa take hawa ta cikin jiki, sau da yawa ta wuce inda ido yake gani. Babu maganin da za a zuba ya dawo da naman da ya ruɓe. Abin yi shi ne a ceci saman. Ki sami wuƙa mai kaifi ki goge ta da sifirit, ki yanke sama da wurin da ya lalace, ki duba fuskar yankan. Naman lafiyayye fari ne mai ɗan kore, da wani zobe a tsakiya. In kika ga ɗigon ja ko ruwan ƙasa ko da ƙanƙane ne, musamman a kan zoben, ki sake goge wuƙar ki ƙara yankawa sama, har sai kin sami wuri mai tsabta. Daga nan ki ɗan fere gefen yankan kamar yadda ake fere fensir, amma kaɗan, domin idan naman ya bushe ya janye ciki kada fatar ta zama kamar ƙoƙo. Ki barbaɗa garin farar wuta ko na gawayi, ki jingina shi a tsaye a inuwa mai iska na mako biyu zuwa huɗu har fuskar ta bushe ta yi tauri. Tsayar da shi yana da dalili, domin in ya kwanta kansa zai lanƙwasa sama, saiwoyi kuma su fito ta gefe. Bayan haka ki kafa shi a busasshen haɗi zurfin santimita 3 zuwa 5, ki tokare shi da sanda ko duwatsu, kada ki ba shi ruwa sai kin ɗan ja shi kin ji ya kama ƙasa, abin da kan ɗauki wata ɗaya ko biyu. Tsohuwar ƙasar ki zubar da ita.

Shi kuwa kan da ya tsuke, gaskiyar magana ita ce ba zai sake yin kauri ba. In kika bar shi ya koma rana, sabon girman zai fito da kaurinsa na asali a saman siririn wuya, ya zama kamar gora, kuma wata rana nauyi ko iska za su karya shi a nan. Ni da nawa ne, zan bari ya saba da rana tukuna, sa'an nan in yanke siririn a daidai inda kauri ya ƙare, in ɗan karkata yankan domin ruwa kada ya kwanta a kai, in kuma kare shi daga ruwan sama har ya bushe. Bayan wasu makonni ko watanni, 'ya'ya ɗaya zuwa uku za su ɓullo daga tabon ƙayar da ke kusa da yankan, kuma da yawa daga cikin masu rassan nan da ake sha'awa ta haka aka same su. Idan kuma ya kasance ga ruɓa a ƙasa ga tsukewa a sama, ki ceci tsakiyar, amma ki yi alamar sama da ƙasa kafin ki ajiye, domin in aka dasa shi a kife ba zai yi ba.

Ƙwarin da suka fi damunsa uku ne. Akwai wani fari mai kama da ɓurɓushin auduga da yake ɓuya a tsakanin layukan jiki da kuma cikin saiwa, kuma yawan zirga-zirgar tururuwa a kan tukunya yakan nuna yana nan, saboda suna shan zaƙin da yake fitarwa. Akwai mai kama da ƙananan ɓawo da yake manne wa fata, wanda ake kankarewa da farce. Su biyun ana kashe su da auduga da aka tsoma a sifirit, a maimaita duk mako har sau uku ko huɗu. Na ukun wani jan ƙwaro ne ɗan mitsitsi dangin gizo-gizo, mai son busasshiyar iskar hunturu, wanda yakan bar kan shukar da launin tsatsa. Fesa ruwa mai ƙarfi da safe yana rage shi. Man darbejiya yana taimakawa, amma da yamma ake shafa shi domin kada rana ta ƙona wurin, kuma yana goge shuɗin hodar da ke jikin irin su Pilosocereus (wani dogon kaktus mai launin shuɗi), wadda ba ta dawowa. Ƙurar hunturu ma ki riƙa share ta da burushi mai laushi, tunda tana tare haske. In kuma akwai awaki a gidan, ki ɗaga tukunyar ko ki kange ta, domin gajeriyar ƙayar Cereus ba ta hana akuya gatsa.

Ba ki tambayi fure ba, amma ana yawan tambayata. Ƙananan furannin ja da rawaya da ake gani a kan wasu na kasuwa busassun furannin wata shuka ne aka manna da gam. Furen Cereus na gaskiya fari ne, tsawonsa yakan kai santimita 20, yana buɗewa bayan isha'i ya yanƙwane da hantsi, dare ɗaya tak, kuma a ƙasarsa manyan malam-buɗe-littafin dare da jemagu ne suke ɗaukar masa ƙwayar haihuwa. Ba ya yin fure sai ya manyanta, yawanci bayan ya haura mita ɗaya, kuma sai yana shan rana sosai, saboda haka na cikin falo kusan ba ya yi sam. Abin da za ki sa wa ido a watannin farko bayan kin fitar da shi shi ne ƙoƙon kansa ko bakin yankan: idan kika ga sabon kore mai sheƙi yana buɗewa da faɗi daidai da jikin da ke ƙasa, da sababbin ƙayoyi masu ɗan ja da kauri, to hasken wurin ya ishe shi. In sabon tohon ya sake fitowa da tsini kamar kan fensir, ki matsar da tukunyar inda hantsi ya fi daɗewa.